Saura Kwata da Ramukan Gwaggo

Mahaifina mai gyaran agogo ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi makara ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, in ka shiga ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Agoguna sun rufe ko'ina, kowanne da nasa ra'ayin game da lokaci. In mutum ya zo karɓar nasa, Baba zai ɗago kai da ɗan madubin nan maƙale a ido ɗaya, ya ce, "Saura kwata." Ka dawo gobe, saura kwata. Ka je ka yi aure ka haihu ka dawo, saura kwata. Haka sunan ya bi shi, har mai kawo takardar wuta in ya zo, Saura Kwata yake tambaya.

Amma fa in ya gama, ya gama. Agogon da ya fito daga hannunsa ba ya komawa wurin kowa. Shi ya sa mutane suke zaginsa suna ƙara kawo masa.

Bayan agogo, abin da ya fi so a duniya shi ne motarsa. Ban ce ya fi son ta a kan Inna ba, amma dai Inna ba ta taɓa samun a goge ta da tsumma mai laushi kowace safiya ba. Tsohuwar mota ce mai kalar madara, fitilunta zagaye kamar idon wanda aka ba wa labarin mamaki, sitiyarinta faɗin tire. Ya saye ta tun kafin a haife ni, kuma ko a lokacin ma ba yarinya ba ce. Tun muna ƙanana ya hana mu ce mata "mota" gatsau. Ya ce ta girme mu, mu san abin da za mu riƙa kiran ta. Sai muka sa mata Gwaggo. In ta ƙi tashi da safe, ƙanina ya leƙo ɗaki ya ce, "Inna, yau Gwaggo ta tashi da fushi," mu fita mu tura.

Da wayar hannu ta zo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu, aikin Baba ya ja baya. Bai damu ba, ko dai ya yi kamar bai damu ba. Lokacin da ya ragu daga shago ya koma kan Gwaggo. Ya wanke, ya goge, ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon inji kamar mai jiran ya yi masa magana.

Ina gidan mijina da 'ya'ya biyu abin ya faru. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama, Baba ya faɗa da Gwaggo wani rami da ruwa ya rufe, wilin gaba ya tsage, na baya ya lanƙwashe. Wili shi ne ƙarfen nan da taya ke zama a kansa. Na bi shi wurin mai faci don in ga iyakar ɓarnar. Mai faci ya juya wilin, ya tura hula gaba, ya ce, "Baba, wannan ai ko a gidan tarihi sai an yi bincike. Ramin notinsa huɗu ne, kuma faɗin da ke tsakaninsu ba irin na yanzu ba ne. Tayar ma da nake samo maka, wanda yake kawo ta ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Ɗansa fa?"

"Ɗansa waya yake sayarwa."

Baba ya yi tsaki mai tsawo. Waya dai, waya dai.

Aka nema aka rasa. A bayan gidana kuwa akwai wili huɗu lafiyayyu da mijina ya cire daga tasa motar don ya sa masu ƙyalli. Na sa aka kai wa Baba. Ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa, ya auna tsayi, ya ga za su shiga ƙarƙashin Gwaggo daidai, kuma tayarsu ko a bakin titi ana samu. Matsala ɗaya ce: raminsu biyar.

Ga yadda abin yake, kamar yadda na koya dole saboda a tsakar gidanmu aka yi wa Gwaggo tsirara. A kowace ƙafa akwai wani kan ƙarfe mai juyawa, makanikai na ce masa hob, da kusoshi a jikinsa. Faifan birki yana shiga kan kusoshin nan kamar hula, sannan wili ya biyo baya, a ɗaure da noti. In kana son wili mai rami biyar ya zauna inda aka yi don huɗu, sai ka canza kusoshin hob su koma biyar, ka kuma huda faifan birki sababbin ramuka biyar da za su bi ta ciki. Mai faci ya ce aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, kuma duk yankin mutum ɗaya ne zai yi shi ka kwana da hankalinka.

Mutumin nan kuwa Kawu ne, yayan Inna.

Baba da Kawu ba su taɓa yin faɗa ba, ba su kuma taɓa shiri ba. Kawu ƙato ne mai murya kamar ana jan ganga a kan siminti, yatsunsa duk tabo. Yana kiran Baba "mai sana'ar tsinke". Baba yana kiran sa "Maƙeri", yana cewa mutum ne da ke awo da babban yatsa. Abin da ya ƙara dagula su shi ne wani agogon bango da Kawu ya gada daga mahaifinsu, ya kawo gyara tun ina firamare. Duk haɗuwar dangi sai Kawu ya ce, "Ina agogona?" Baba ya ce, "Saura kwata." Daga nan kowa ya juya wa kowa ƙeya.

Inna ta ce, "Malam, ka kai wa Yaya mana."

"Ni? In kai wa Maƙeri ƙafar Gwaggo? Mutumin da in ka ba shi allura zai nemi guduma?"

"To ka bar ta ta huta, ai ta yi ƙoƙari."

"Ke ma kin yi ƙoƙari, na bar ki?"

Inna ta ce Allah ya ba da sa'a, ta shige kicin tana buga tukwane.

Washegari Baba ya ɗaga Gwaggo a kan jak, ya tallafe ta da bulo, ya ciro faifan birki ɗaya ya ɗora a kan bencin tsakar gida. Na zo kawo wa Inna saƙo na same shi yana murmushi shi kaɗai.

"Uwata," haka yake kira na saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "zo ki ga abin da Maƙeri ba zai taɓa ganewa ba. Da'ira a raba ta biyar, mene ne? Fuskar agogo ce. Minti sittin, raba biyar, sha biyu. Kowane minti sha biyu, rami ɗaya. Ni da na ƙare rayuwata a kan da'ira, wa zai koya mini?"

Ya ɗauko wata babbar fuskar agogo da ya cire daga jikinta, ya kwantar a kan faifan, ya daidaita tsakiya, ya riƙa diga alama. Gaskiya abin ya burge ni. Sai ya ɗauko wilin mijina ya auna daga wannan rami zuwa na can ƙetare, ya raba biyu, ya ce nisan kowane rami daga tsakiya ke nan. Ya aro injin huda na hannu wurin kafinta maƙwabcinmu, ya take faifan da ƙafa, ya fara.

Ƙarar ta sa kajin maƙwabta suka bar unguwar. Bakin injin ya yi ja, ya karye, Baba ya sa wani. Baƙin garin ƙarfe ya rufe wankin Inna da ke kan igiya. A rami na uku injin ya zame ya faɗa cikin tsohon rami, biyun suka haɗe suka zama kamar kwanson gyaɗa. Baba ya ce ba komai, iska za ta fi shiga. Da ya gama biyar ɗin ya ɗora faifan a bayan wili don ya nuna mini yadda ramuka za su haɗu.

Ba su haɗu ba. Ko ɗaya. Ya juya, ya sake juyawa. In ya daidaita ɗaya, huɗu su kauce, kowanne ya leƙo rabi kamar jinjirin wata.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wilin mijinki karkatacce ne."

Inna ta sauke wankinta daga igiya. Ta jira ya shiga wanka, ta naɗe faifan da fuskar agogon a cikin buhu, ta ce in ɗauko wili ɗaya, mu tafi. A hanya na ce, "Inna, zai yi fushi fa." Ta ce, "Ya yi. Da in zama bazawara saboda girman kai, gara ya yi fushi yana raye."

Shagon Kawu dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ƙasa duk murɗaɗɗen ɓawon ƙarfe, ga warin mai. Injin sassaƙa ya kama bango guda, injin huda na tsaye yana kusurwa. Kawu ya zazzage buhun, ya ɗaga faifan sama ya leƙa ta ramin gyaɗar. Ya fara dariya tun daga ciki, har sai da ya zauna a kan jarka yana share hawaye.

"Wa ya yi wannan? Ɓera?"

"Yaya, don Allah."

"A'a, ki bari in more. Yau mai tsinke ya riƙe injin maza."

Yana cikin dariyar idonsa ya faɗa kan fuskar agogon. Ya ɗauka, ya goge maiƙon da babban yatsa. Dariyar ta tsaya cak.

"Wannan ai fuskar agogon Babanmu ce."

Ni da Inna muka kalli juna. Ita ma sai a lokacin ta gane.

Muna haka sai ga Baba ya shigo da sauri, ruwan wanka bai gama bushewa a gemunsa ba. Wannan ce rana ɗaya da na san ya iso wuri kafin a gama maganarsa.

"Wa ya ce a kawo mini kaya nan?"

"Saura Kwata," in ji Kawu, "agogon ubana ka fasa ka yi ma'auni da shi?"

"Ban fasa ba, kwancewa na yi. Cikin gyara ne."

"Gyaran ne ya kai shi ƙarƙashin mota?"

"Ai ka ga yana aiki ke nan. Da yana bango zaman banza yake."

Na ɗauka Kawu zai ɗaga shi ya rataye a ƙusa. Sai Inna ta shiga tsakani, ta ce ita ba alƙalanci ta zo yi ba. Ta ce miji ɗaya gare ta, yaya ɗaya gare ta, kuma dukansu sun ishe ta. Wanda ya iya ƙarfe ya gyara birki, wanda ya iya agogo ya gyara agogo, in ba haka ba ta tattara ta koma gidan 'yarta, su ci kansu. Ta kama hannuna muka zauna a benci, ta harɗe ƙafa.

Kawu ya yi ƙwafa, ya ɗauko ma'auninsa mai baki kamar na kada, ya bi ramukan Baba ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori, ya ce, "Rabon daidai ne."

"Me ka ce? Ban ji ba."

"Na ce tazarar da ke tsakaninsu daidai ce, kurma! Faɗin ne ka kashe. Rami huɗu, kowanne yana da abokin da ke kallon sa ta ƙetare, sai ka auna kai tsaye. Rami biyar ba mai kallon wani. Ka auna a karkace, da'irarka ta tsuke. Kuma huɗu da biyar ba sa zaman lafiya a ƙarfe ɗaya. Duk yadda ka juya, sai wani ya ci iyakar wani. Sai an toshe tsofaffin, an shafe, sannan a huda. Wannan faifan kam ya mutu, ka kai wa matarka ta riƙa ɗora tukunya."

Baba ya karɓi faifan ya jujjuya shi. Can ya ce, "Da ma gwaji na yi."

Aikin ya ɗauke su lokaci, don sai da Kawu ya bi masu tsofaffin kayan mota ya samo wani faifan da zai maye gurbin mamacin. Aka kwaso hob huɗu, da faifan gaba, da gangunan birkin baya, don ƙafafun baya ganga suke da ita maimakon faifai, aka jibge a shagonsa. Kawu ya fitar da tsofaffin kusoshi, ya toshe ramukan da ƙarfe, ya bi da walda, ya ɗora a injin sassaƙa ya shafe fuskar har sai ka ga kanka a ciki. Ya zana da'irar da ta dace da wilin. A nan ne ya tsaya. Idonsa ya fara gajiya, in ya zo saka ɗigon da bakin inji zai sauka, sai ya matsa baya ya matso gaba yana ƙifta ido.

Baba, wanda yake zuwa kullum wai don ya tabbatar ba a sace masa noti ba, ya ciro madubinsa daga aljihu ya maƙala.

"Matsa, Maƙeri. Wannan aikin tsinke ne."

Kawu ya matsa. Baba ya sunkuya, ya riƙe numfashi kamar yadda yake yi a kan agogon hannu, ya saka ɗigo biyar. Kawu ya bi su da ma'auni, ya ja ƙarfen zuwa injin huda. Daga ranar haka suka riƙa yi: wannan ya diga, wancan ya huda, bakinsu bai huta ba. Kawu ya ce hannun Baba kamar na ungozoma. Baba ya ce injin Kawu ya fi mai shi hankali. Na taɓa zuwa na same su suna shan shayi a kofi ɗaya saboda ɗayan ya fashe, kowanne yana zargin ɗan'uwansa da kurɓa babba.

Agogon ma ya koma gida. Baba ya haɗa shi, ya kai da kansa, ya rataye a bangon shagon Kawu. Fuskar na da ƙananan tabo biyar na alamar da ya diga. Kawu ya ce zai kai ƙara. Bai kai ba.

Ranar da aka mayar wa Gwaggo ƙafafunta, Baba ya buɗe wa Inna ƙofa ya ce ta shigo a zaga. Inna ta ce, "Ku biyun da kuka huda ku fara. In kun dawo da ƙafafunku, na shiga."

Suka tafi. Muna tsaye a ƙofar gida muka ga sun kai ƙarshen layi, fitilar birki ta kama, motar ta yi wata irin rawa kamar mai jin sanyi, ta tsaya. Suka dawo da baya suna musu. Kawu ya cire wilin gaba, ya zare faifan, ya shafa bayansa da yatsa, ya samu ɗan tsinin ƙarfe a bakin rami ɗaya da ya hana faifan kwanciya sosai. Ramin da Baba ya diga ne, kuma Kawu ya huda, saboda haka har yau ba a san mai laifi ba. Aka goge, aka mayar, aka ɗaure notin a tsallake, wannan sannan na ƙetarensa. Suka sake tafiya.

Wannan karon ba su dawo ba. Rana ta yi sanyi, Inna ta fara leƙa titi tana salati. Na ɗauki motar mijina na bi sawu. Na same su a bayan gari, a kan wani miƙaƙƙen titi da babu kowa. Su taka da gudu, su danna birki, motar ta tsaya cak, su fashe da dariya kamar yaran da suka gudo daga makaranta, su sake. Da na tsaya kusa da su, Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "'Yar nan, kada ki gaya wa uwarki. Ni nake tuƙi tun ɗazu."

Baba, wanda bai taɓa ba wa kowa makullin Gwaggo ba, ya kau da kai yana gyara madubi.

Bayan haka idon Baba ya soma yin hazo. Likita ya ce gyaran agogon bango dai ya ci gaba in yana so, amma tuƙi a'a. Ya yi kwanaki ba ya magana da kowa. Sai wata safiya muka ga Kawu ya zo, ya miƙa hannu, Baba ya saka masa makulli a tafi ba tare da ya kalle shi ba. Kawu yana gani nesa, kusa ne ba ya gani. Baba yana gani kusa da madubinsa, nesa ne ya ɓace masa. Inna ta ce in aka haɗa su biyun an samu direba ɗaya mai matsakaicin hankali. Tun daga nan tare suke yawo, Kawu a sitiyari, Baba a gefe yana ba da umarnin da ba wanda ke bi.

Kwanan baya wani mutum ya biyo su har gida. Mai tara tsofaffin motoci ne, da tabarau a goshi da 'yar fitila a hannu. Ya ce ya daɗe yana neman irin wannan. Ya zagaya Gwaggo yana shafa ta, ya leƙa inji, ya shinshina kujeru, ya ce komai na asali ne, shi a shirye yake, Baba ya faɗi abin da yake so. Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta daina shara.

Sai mutumin ya durƙusa a gaban taya. Ya ƙirga noti da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Ya haska fitila ta cikin wili.

"Wa ya yi wannan?"

Baba da Kawu suka ce "Ni" a tare.

Mutumin ya miƙe yana kaɗe gwiwa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ya ce aikin ya yi kyau, ba ƙarya, amma an huda abin da ba a hudawa. Shi na asali yake tarawa, mai rami huɗu kamar yadda ta fito daga kamfani. Ya ba da haƙuri, ya shiga motarsa ya tafi.

Inna ta jingine tsintsiya a hankali.

"Wato da kun bar ta da ramukanta, da yau wannan bawan Allah ya ɗauke ta?"

"Da ya ɗauke," in ji Kawu.

"Kuma ni da ƙafata na kai muku faifan."

"Ke da ƙafarki," in ji Baba. "A buhu ma."

Ta dube shi, ta dubi yayanta, ta ce abincin rana na mutum ɗaya ta dafa, su je su raba biyar.